A Ba Mace Wayar

Shekara uku na yi a kujera ta biyu daga taga, a ɗakin waya na wata ƙungiya da ke aika motar asibiti ga masu larurar gaggawa a Gusau da garuruwan da ke kewaye da ita. Ba zan kama sunan ƙungiyar ba, ba don tana da sauran mutunci a idona ba, sai don akwai waɗanda har yanzu suke cin abinci a wurin kuma ba su yi mini komai ba. Aikina shi ne in ɗaga waya, in ji abin da ya faru, in yanke ko a tura mota nan take ko a jira. Motocinmu uku ne, amma ban taɓa ganin ukun a tsaye lafiya rana ɗaya ba, kullum akwai wadda take wurin bakanike. Saboda haka duk motar da na tura wa wani, na hana wa wani ne, kuma na san da haka.

Don kada kowa ya riƙa yanke abin da ransa ya ga dama aka ba mu kati. Wata takarda ce mai kauri da aka rufe da leda, an manna ta a gefen kowane tebur. Tambayoyi ne a jere, kuma a jere ake son a yi su: ina kuke, me ya faru, mara lafiyar yana magana, yana numfashi, akwai jini. Amsoshin su ne za su kai ka ga launi. Ja, mota ta tashi yanzu. Ruwan ɗorawa, ta tashi in ta samu sarari. Kore, ka ba da shawara, ka ce su kai shi asibitin da ke kusa da su. Minti ɗaya da rabi aka ba mu mu gama. Kowane kira na'ura tana naɗe shi, kuma duk Alhamis shugabar ɗakin tana zaɓo wasu a saurara, ta ba da maki a kan yadda mutum ya bi katin.

Ni mai tsiwa ce, wannan tun ina yarinya Innarmu ta gaji da faɗa ta zuba mini ido, amma ban taɓa raina katin nan ba. Ranar da mutum ya kira yana ihu an yi karo a hanyar Tsafe, mutane kwance a kan kwalta, katin ne yake riƙe ka har ka gama. Shi ya koya mini katse gaisuwa ma, abin da ya fi komai yi mini wuya da farko. Dattijo zai kira, ɗansa yana shure-shure a gabansa, amma sai ya tambaye ni gajiya da mutanen gida tukuna. Na koyi cewa "Lafiya lau, Baba, ina kuke?" a numfashi ɗaya.

Inda katin ya gaza shi ne wurin mata, musamman masu haihuwa. Wanda ya rubuta shi ya ɗauka mai kira yana tsaye a kan mara lafiya yana kallonsa. A ƙauyukanmu kuwa wayar tana aljihun maigida, maigida kuma idan naƙuda ta kama matarsa waje yake fita. Ni 'yar Bungudu ce, na ga Babanmu yana barin gida ya koma gindin bedin da ke ƙofa, wato bishiyar dogon yaro, duk lokacin da Inna za ta haifi ɗaya daga cikin ƙannena, ba ya shigowa sai an aika masa. Irin wannan mutum ne zai kira ka. Zai ce, "Iyali ne ba su jin daɗi." Ka ce tana magana? Ya ce tana yi, don ya jiyo muryoyi ta katanga. Ka ce akwai jini? Ya ce da sauƙi. Ba ƙarya yake yi ba. Bai shiga ɗakin ba, ba zai shiga ba, kuma ko da ya gani, bakinsa ba zai iya faɗa wa baƙuwar mace a waya ba. Idan ka bi kati tiryan-tiryan da amsoshinsa, a kan kore za ka sauka, kuma ranar Alhamis a ba ka cikakken maki.

A watannina na farko na fara yin wani abu da ba ya cikin katin. Da zarar na ji namiji ya ce iyali, in na gama tambayoyin sai in ce, "Malam, akwai mace a ɗakin? A ba ta wayar." Idan tsohuwa ta karɓa, ba na tambayarta ko akwai jini, don a haihuwa dole a ga jini, za ta ce mini wanda aka saba ne. Cewa nake, "Inna, zane nawa ta jiƙa?" Tsohuwar ta san amsar wannan, don ita take canza su. In ta ce ɗaya, hankalina ya ɗan kwanta. In ta ce uku, in danna ja ban ƙara tambayar komai ba.

Shugabar ɗakin, wadda kowa ke kira Hajiya, ita ta ɗauke ni aiki. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, 'yar babban gida a cikin gari, mai magana a hankali kamar tana tsoron ta tashi wani daga barci. Unguwarmu ɗaya a Damba, saboda haka kullum da safe a motarta nake zuwa aiki. Kwano ɗaya muke ci da rana. Ranar sunan ɗana ita ta zauna a bakin ƙofa tana karɓar baƙi, har dangin mijina suka ɗauka gwaggona ce. Ɗiyata take ce mini, ni kuma na yarda da kalmar har cikin raina.

Ita ce ta fara jin tambayata a cikin naɗin murya. Muna hanyar komawa gida ta rage gudu, ta ce, "Wannan abin da kike yi na a ba mace waya, wa ya koya miki?" Na ce ba kowa. Na zaci faɗa za ta yi. Sai ta ce, "Ki ci gaba. Da an yi wa ƙanwata haka, da wataƙila tana nan da rai. Amma kar ki rubuta shi a ko'ina tukuna, manya ba sa son a taɓa musu kati. Ki bari in samu lokacin da ya dace in kai musu." Daga ranar, duk kiran da na yi tambayar a ciki cikakken maki take ba ni, kamar ba ta ji ba. Sauran 'yan ɗakin suka gani, su ma suka ɗauka. Lokacin da ya dace ɗin nan muka yi ta jira har shekara biyu da wani abu.

Zaman Alhamis kuwa da magana ɗaya take buɗe shi, har mun haddace, muna kwaikwayonta in ta fita. "Nan ba kotu ba ce. Ba mai laifi muke nema ba, abin gyara muke nema. Duk wanda ya kawo kuskurensa da kansa, ba abin da zai same shi." Kuma ta sha cika wannan magana. Wani abokin aikinmu ya taɓa tura mota har Bungudu alhali mai kira yana cikin Gusau, ya faɗa da bakinsa, aka yi masa dariya, aka gyara yadda ake maimaita wa mai kira kwatance, shi ke nan aka wuce wurin.

Kiran da ya raba ni da kujerar ya shigo ne da hantsi, lokacin girbin gero. Wani magidanci ne daga wani ɗan ƙauye gaba da 'Yandoto. Ina jin iska tana kaɗawa a cikin wayar.

"Salamu alaikum. Malama, an kwana lahiya? Ya aiki?"

"Lafiya lau, Malam. Ina kuke?"

Ya kwatanta mini, na rubuta. Na ce me ya faru?

"Iyali ne dai ba su jin daɗi tun da sahe."

"Tana magana?"

"Awo, tana yi."

"Tana numfashi daidai?"

"To, lahiya lau dai, in sha Allahu."

"Akwai jini?"

Can ya ce, "Da sauƙi, Malama."

Na kai ƙarshen kati a cikin minti ɗaya da 'yan daƙiƙu, na sauka a kan kore. Mota ɗaya ce ta rage a harabar ofis. Na ce akwai mace a ɗakin? Ya ce tsohuwarsa tana ciki. Na ce a ba ta wayar. Nan ne aka samu matsala, don ashe a kan wani tudu yake tsaye a bayan gari, wurin da kaɗai ake samun sabis ɗin waya. In ya shiga gida da wayar za ta yanke. Ya ce, "Malama, ni ba ni shiga ɗakin nan. Sai dai in kira ta ta hito." Na ce ya kira ta, ya yi gudu. Na ji takunsa, sannan layin ya mutu. Na kira, ba ta shiga. Na sake kira. A karo na uku wata murya ta ɗauka tana haki.

"Inna, zane nawa ta jiƙa?"

"Ukku, ɗiyata, ga na huɗu nan. Tun da asuba tah haihu, mabiyiya ba ta hito ba. Mun ba ta abin da munka sani, har yanzu shiru. Jikinta duk ya yi sanyi."

Na danna ja. Agogon da ke kan kwamfuta ya riga ya wuce minti huɗu. Direbanmu da muke kira Baba, mutumin Tsafe ne da ya san kowace hanyar shanu a yankin, kafin in ɗaga kai ya fice da mota tare da ma'aikacin jinya. Na gaya wa tsohuwar ta koma ta sa jaririn a nono, ta murza wa uwar mara da ƙarfi, ta lulluɓe ta, kar a ƙara ba ta wani jiƙo. Ta ce to, ta tafi, ta bar ni da mijin, wanda bai san abin da zai ce mini ba sai godiya.

Sun same ta da rai, sun ɗauko ta. Kafin su hau kwalta ta cika a cikin motar. Baba ya kira ni da kansa ya faɗa mini, ya ce mace ta haifa, jaririyar tana lafiya a hannun kakarta.

Na sha jin mutuwa a kujerar nan, amma wannan ta zauna mini a ƙirji. Ina wanke-wanke ina juya kiran a kaina, ina salla ina juya shi, har na gano abin da ke damuna. Neman mace da na yi daidai ne. Kuskurena shi ne sai da na gama yi wa mutumin da ke tsaye a kan tudu tambayoyin da ba shi da amsarsu, sannan na neme ta. Da tun a tambaya ta biyu na ce a kira tsohuwa, da an rage minti ɗaya ko fiye. Ban ce minti ɗayan zai hana ajali ba, amma gobe wata ce za ta kwanta a irin wannan ɗaki. Na samu Hajiya a ofis na ce ina son a saurari kiran nan ranar Alhamis a gaban kowa, kuma a wannan karon a rubuta tambayar a kan kati, a sama. Ta riƙe hannuna ta ce, "Kin yi tunani mai kyau, ɗiyata. Ki kawo shi."

Abin da ban sani ba shi ne, duk wanda ya mutu a cikin mota sai babban ofis ya turo mai duba ingancin aiki. Hajiya ta san da haka, kuma ta san a wannan Alhamis ɗin zai zo. Ba ta gaya mini ba. Har yau ban sani ba ko mantawa ta yi, ko ta ɗauka abin zai wuce salin-alin.

Muka shigo muka tarar da shi zaune a kujerar Hajiya, wani siririn mutum mai tabarau, da kwamfutarsa da wata takarda mai gidaje-gidaje. Ya gaishe mu da ladabi. Hajiya ta buɗe zama, kuma na lura ba ta ce nan ba kotu ba ce. Aka kunna naɗin. Na zauna ina jin muryata tana cika ɗakin, ga iskar tudun nan, ga hakin tsohuwa. Wata abokiyar aikina ta share hawaye da bakin mayafi. Shi kuwa baƙon yana ta sa alama a gidajen takardarsa.

Da aka gama ya ce, "Malama, kin kai ƙarshen kati a kan lokaci. Daga nan kuma kika ƙara tambayar da ba ta ciki, kira ya wuce minti huɗu kafin a tura mota. Daga ina wannan tambayar ta fito?"

Na yi masa bayani dalla-dalla, har da Babanmu da gindin bedi. Na ce mun fi shekara biyu muna yin haka, kuma Hajiya ta sani, ita ta ce mu ci gaba kafin ta kai wa manya.

Ya juya wurinta. Ya buɗe wani shafi a kwamfutarsa ya ce, "Hajiya, ga makin da kika riƙa turo mana. Ɗakin nan ya fi kowane ɗaki bin kati, har misali muke bayarwa da ku. Idan kin san ana ƙara tambaya kina ba da cikakken maki, to makin nan duka sai an sake duba su. Kin sani?"

Ina kallon fuskarta. Na san fuskar nan da safe kafin ta shafa hoda, na san ta tana dariya da tuwo a baki. Ta gyara zaman mayafinta, ta dubi tebur, ta ce da muryar nan tata mai sanyi, "Ni dai yau na fara jin wannan tambaya. Kati na koya musu, kati na sani."

Na dubi 'yan ɗakin ɗaya bayan ɗaya, mutanen da jiya-jiyan nan na ji da kunnena suna cewa a ba mace waya. Wannan yana duba farcensa, waccan tana neman wani abu a jaka. Yanzu ba na ganin laifinsu sosai, kowa da bakunan da yake ciyarwa, amma a ranar da zan iya da na bi su da mari duka.

Na miƙe tsaye, abin da bai kamata in yi ba. Na ce wa baƙon, "Malam, ka dubi takardarka ka gaya mini. Da na tsaya inda kati ya tsaya, wane launi ne?" Na ce, "Kore ne! Da ko mota ba za ta tashi ba. Da ta mutu a ɗakinta, ni kuma ka cika mini maki, ka tafi kana yaba mana." Muryata ta hau sama har maigadi ya leƙo ta taga. Baƙon ya ce in zauna, ya rubuta wani abu. Daga baya na ga abin da ya rubuta, wai rashin ɗa'a a gaban mai bincike.

Ba mugu ba ne mutumin. Da zai fita ya tsaya kusa da ni ya ce a hankali, tambayar tana da ma'ana, amma shi abin da ke gabansa yake aunawa. Na ce masa Allah ya kiyaye hanya.

Bayan mako biyu aka ba ni takarda. An dakatar da ni, kuma ba za a sabunta aikina ba. Korar ba ta ƙona mini rai kamar layi na uku na takardar ba. An rubuta cewa na bar tsarin da aka koya mini na bi ra'ayin kaina, na jawo jinkirin tura mota, kuma mara lafiyar ta rasu. Ba su ce ni na kashe ta ba, amma duk wanda ya karanta layin haka zai fahimta. Ga sa hannun Hajiya a ƙasa, mai lanƙwasar nan da na sha gani a kan takardun hutuna.

Da yamma na taka zuwa gidanta, tafiyar minti biyar ce tsakaninmu. Ta karɓe ni a falo, ta kawo mini zoɓo da hannunta, ta zauna kusa da ni.

"Ɗiyata, ki fahimce ni," in ji ta. "Da na amsa, ba ni kaɗai za a taɓa ba. Ɗakin gaba ɗaya za su rufe, su ce makinmu na ƙarya ne. Ki tuna jama'ar da ke kiranmu kullum. Ki yi haƙuri, ki bari abin ya lafa. Wallahi da kaina zan dawo da ke."

Na ce, "Hajiya, da kin gaya mini zai zo, da na san yadda zan yi. Da kin ce mini in ɗauki laifin don ɗaki ya tsira, wataƙila da na ɗauka. Amma kin bar ni na kawo kaina, kina riƙe da hannuna."

Ta yi kuka, kuma na yarda kukan gaske ne. Ta shiga ɗaki ta fito da turmin atamfa a leda ta ɗora mini a cinya. Na ajiye shi a kan kujera kusa da zoɓon da ban sha ba, na fito. Washegari da safe na ji ƙarar motarta a bakin layinmu, ta ɗan rage gudu a inda ta saba tsayawa, sannan ta wuce. Na jira kiranta wata ɗaya, na jira wata uku, har na daina duba waya.

Na nemi aiki a wurare biyu, duka suka nemi takardar barin aikina na baya, duka suka karanta layi na uku. A ƙarshe na koma tsaron kemis ɗin wani ɗan'uwan mijina a Bungudu, in tafi da safe in dawo da yamma, ina sayar da maganin zazzaɓi da na tsutsar ciki. Baba direba ne kaɗai yake kirana lokaci-lokaci. Shi ya gaya mini ya je ya samu Hajiya ya ce a rubuta shaidarsa, ta ce masa direbobi ba sa cikin zaman.

Bara, bayan sallar azahar, ina kemis aka aiko in zo gidanmu, matar ƙanena ta haihu. Na tarar da ƙanen nawa a gindin bedin nan, daidai inda Babanmu yake zama a da, ya kasa zaune ya kasa tsaye. Na wuce ciki. Kallo ɗaya na yi wa shimfiɗar na fito da gudu na ce ya kira motar asibiti. Tawa wayar na baro ta a kemis, amma lambar tana kaina. Na karanto masa, na juya zan koma ɗaki, ina jin sa yana cewa Bungudu ne, bayan makarantar firamare, iyali ne ba su jin daɗi. Raina ya ɓaci, na buɗe baki zan ce ya ba ni in yi bayani, sai ga shi ya biyo ni har bakin zaure yana miƙo wayar, kansa a ƙasa.

"Yaya, wai a ba mace wayar."

Na karɓa. Wata yarinya ce da ban san muryarta ba, tana magana a natse.

"Malama, ke ce a cikin ɗakin? Zane nawa ta jiƙa?"

Na ce biyu, na uku ya fara. Ta ce mota ta taso, in sa jariri a nono, in murza wa uwar mara, in lulluɓe ta. Na ce to. Na yi duk abin da ta ce ɗaya bayan ɗaya, hannuna yana aiki, hawaye yana zuba a kan zanen yarinyar, Inna tana ce mini in daina kuka kar in tsorata mai jego.

Baba direba ne ya zo da motar. Matar ƙanena ta rayu, ɗanta yanzu ya fara tafiya yana fasa mana kofuna. A hanyar Gusau ma'aikacin jinya da Inna suna baya tare da ita, ni ina gaba kusa da Baba. Ya miƙa hannu ya zaro wata takarda mai leda daga saman gilashi ya ɗora mini a cinya. Sabon kati ne. Ga tambayata nan a layi na biyu, da jan rubutu, kalma da kalma yadda nake faɗinta. A can ƙasa da ƙananan haruffa an rubuta cewa shugabar ɗakin waya ce ta kawo wannan gyara bayan nazarin wani kira. Baba ya ce har babban ofis aka gayyace ta ta yi bayani a gaban manya, aka tafa mata.

"Ta ce in na gan ki in gaishe ki," in ji shi, idonsa a kan hanya.

Ban ce ina amsawa ba. Na mayar masa da katin, ya maƙale shi a inda ya ciro.

Na ji daɗi da tambayar ta hau kati, wannan ba zan ɓoye ba, don ita ta tayar da motar da ta ɗauki matar ƙanena. Amma ban yafe ba, kuma na gaya wa Ubangijina haka, ya san ina ƙoƙari. Da na koma gida bayan an sallame mu daga asibiti, na buɗe akwati na ciro takardar korata na sake karanta layi na uku. Yana nan yadda yake, da sa hannunta a ƙasa. Gidanta tafiyar minti biyar ne daga nawa, kuma har yau ba ta zo ta karɓi takardar ta goge layin ba.